Kafin Mandela Ya Sa Rigar Barewa: Waiwaye a Kan Wasanni da Sulhu a Afirka ta Kudu

Gabatarwa

A ranar Asabar, 24 ga watan Yuni, 1995, Shugaba Nelson Mandela ya shigo filin wasa na Ellis Park da ke birnin Johannesburg sanye da wata koriyar riga mai lamba 6 a gadon baya. Rigar ta 'yan wasan ƙwallon zari-ruga na Afirka ta Kudu ce, waɗanda ake yi wa laƙabi da Springbok, wato sunan wata irin barewa da ake samu a dazuzzukan ƙasar. Mutane kimanin dubu 60 ne suka cika filin, akasarinsu farar fata, kuma da suka gan shi sai suka ɗauki kiran sunansa da murya ɗaya. Da yawa daga cikin masu wannan kira sun girma ne ana gaya musu cewa Mandela ɗan ta'adda ne wanda wurin da ya dace da shi shi ne kurkuku.

Wannan hoto ya zaga duniya, kuma tun daga lokacin da wuya a yi zancen amfani da wasanni wajen sulhunta jama'a ba a kawo shi misali ba. Shi kansa Mandela ya faɗa a wani taro a Monako a shekarar 2000 cewa wasanni suna da ƙarfin sauya duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa Adolf Ogi, tsohon shugaban ƙasar Siwizalan, mai ba da shawara a kan wasanni domin ci gaba da zaman lafiya a 2001. Ta keɓe shekarar 2005 ta zama ta wasanni da ilmin motsa jiki. A 2013 kuma ta tsayar da ranar 6 ga Afrilun kowace shekara domin tunawa da wannan manufa. Haka nan an yi fim mai suna Invictus a 2009 a kan wasan na Ellis Park.

Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, labarin da aka saba bayarwa daga ƙarshe yake farawa. Kafin a kai ga ranar da aka yi wasa tare, sai da aka shafe shekaru kusan 30 ana ƙin yin wasa da Afirka ta Kudu, kuma wannan ƙin wasa shi ya ba rigar Mandela ma'anarta. Nijeriya tana da hannu dumu-dumu a cikin wannan tarihi, a inda ya yi kyau da kuma inda ya yi muni.

Yadda Wariya Ta Shiga Filin Wasa

Jam'iyyar Turawan Afirkana, wato jikokin 'yan kama-wuri-zauna waɗanda galibinsu asalinsu Holan ne, ta hau mulki a 1948, ta mayar da wariyar launin fata doka. An rarraba jama'a gida huɗu: farare, da baƙaƙe, da Indiyawa, da ruwa-biyu. Kowane gida da unguwarsa da makarantarsa da asibitinsa. A 1956 ministan cikin gida, T. E. Dönges, ya bayyana manufar gwamnati a kan wasanni, inda ya ce kowane jinsi ya shirya nasa wasan shi kaɗai, kuma farare ne kawai za su wakilci ƙasa a waje.

Ya kamata mai karatu ya san matsayin zari-ruga a wajen Afirkana. Wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, ana rungumar wata ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, abokan hamayya suna ƙoƙarin kayar da mai ita. A wurin Afirkana wannan wasa ya wuce abin nishaɗi. Da shi suke auna mazantakarsu, da shi suke rama abin da Ingilishi suka yi musu a yaƙin 1899 zuwa 1902. Babbar abokiyar karawarsu ita ce ƙasar Niyuzilan. Baƙaƙen fata kuwa ƙwallon ƙafa suka fi riƙa, ko da yake a lardin Kef ta Gabas akwai baƙaƙe masu daɗaɗɗen tarihin zari-ruga. Idan baƙi suka zo wasa, baƙaƙen da aka keɓe a wani lungu na filin sukan goyi bayan baƙin, su yi ta murna idan an ci Springbok.

Afirka ce ta fara nuna ƙin amincewa a fagen ƙwallon ƙafa. Ƙasashe huɗu ne suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, a birnin Khartum a 1957: Masar, da Sudan, da Habasha, da Afirka ta Kudu. Da aka zo gasar farko ta cin Kofin Afirka a wannan shekara, Afirka ta Kudu ta ƙi kawo ƙungiyar da ta haɗa fari da baƙi, saboda haka aka yi gasar ba da ita ba. Bayan kisan Sharpeville na ranar 21 ga Maris, 1960, inda 'yan sanda suka harbe masu zanga-zanga 69, hukumar FIFA ta dakatar da ƙasar a 1961. Shugaban FIFA na lokacin, Stanley Rous, ya sa an ɗage dakatarwar a 1963, amma ƙasashen Afirka da na Asiya suka sa aka mayar da ita a 1964.

Mawaƙin da Aka Harba

Ɗaliban adabi sun san Dennis Brutus a matsayin mawaƙi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, samun wanda ya kai shi wahala wajen ganin an kori Afirka ta Kudu daga wasannin duniya zai yi wuya. An haife shi a 1924 a Salisbury, wato Harare ta yau, ya tashi a Port Elizabeth, ya zama malamin makaranta. A rabon jinsi na gwamnati, cikin ruwa-biyu aka sa shi. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar wasanni da ba ruwanta da launi a 1958, sannan daga baya suka kafa kwamitin Olamfik na kishiya mai suna SANROC, wanda ya shugabanta.

Hujjar Brutus mai sauƙi ce. Dokokin Olamfik sun haramta nuna bambancin launi. Afirka ta Kudu tana nuna shi a fili. Saboda haka ko dai a bi doka a kore ta, ko kuwa a yarda cewa dokar ta fatar baki ce. Gwamnati ta haramta masa halartar taro, aka kama shi a 1963 bisa laifin keta wannan haramci. Da aka ba da belinsa sai ya sulale ta Suwazilan da niyyar zuwa Turai ya kai ƙara gaban kwamitin Olamfik na duniya, amma 'yan sandan Fotugal suka cafke shi a Mozambik suka miƙa shi. A tsakiyar birnin Johannesburg ya sake yunƙurin gudu, ɗan sanda ya harbe shi a baya. Ya daɗe kwance cikin jini a bakin titi ana jiran motar asibiti wadda doka ta yarda ta ɗauki wanda ba fari ba. Da ya warke aka yanke masa ɗaurin wata 18, aka kai shi tsibirin Robben yana fasa dutse, inda Mandela ma ya zo ya yi zaman kaso.

A wannan shekara ta 1963 ce ƙungiyar marubuta ta Mbari da ke Ibadan ta buga kundin waƙoƙinsa na farko, Sirens, Knuckles, Boots. Wato dai a Nijeriya muryarsa ta fara fita a lokacin da aka toshe ta a gida. Yana tsare labari ya zo cewa ba za a bar Afirka ta Kudu ta shiga wasannin Olamfik na Tokyo na 1964 ba. Ya bar ƙasar a 1966, ya ci gaba da gwagwarmayar daga Landan, daga baya kuma daga Amurka.

A tsibirin na Robben ma ƙwallo ta yi nata aikin. Fursunonin siyasa sun yi ta neman izinin buga ƙwallon ƙafa har aka ba su, suka kafa hukumarsu mai suna Makana a shekarun 1960, da tsarin mulkinta da alƙalan wasanta da kwamitin sauraron ƙara. Mutanen da aka hana su jefa ƙuri'a a ƙasarsu sun koyi gudanar da zaɓe da bin doka a kan wasan ranar Asabar. FIFA ta ba wannan hukuma matsayin wakiliya ta girmamawa a 2007.

Afirka Ta Haɗa Kai

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Disamba na 1966 ƙasashen Afirka masu 'yanci suka kafa Majalisar Ƙoli ta Wasanni a Afirka a birnin Bamako. Jean-Claude Ganga na Kwango shi ne babban sakatarenta, Abraham Ordia na Nijeriya kuwa ya shugabance ta shekaru masu yawa. A farkon 1968 kwamitin Olamfik na duniya, a ƙarƙashin Avery Brundage, ya gayyaci Afirka ta Kudu zuwa wasannin Meziko. Ƙasashen Afirka suka ce in ta je su ba za su je ba, wasu ƙasashen Asiya da na gurguzu suka mara musu baya, dole aka janye gayyatar. A 1970, a birnin Amsterdam, aka kori ƙasar daga kwamitin baki ɗaya.

A shekarar 1968 ɗin ce kuma aka yi rikicin Basil D'Oliveira, wani gwanin wasan kurket ruwa-biyu, haifaffen Cape Town, wanda ya koma Ingila a 1960 saboda an hana shi fage a gida. Da Ingila ta sa shi cikin tawagar da za ta ziyarci Afirka ta Kudu, Firayim Minista John Vorster ya ce ba za su karɓi tawagar ba, aka soke ziyarar. Wannan ya buɗe idon Turawan Ingila da yawa waɗanda a da suke cewa kada a cuɗa siyasa da wasa, domin sun ga wanda ya fara cuɗa su. Ɗalibai a ƙarƙashin jagorancin Peter Hain suka riƙa tarwatsa wasannin Springbok a Birtaniya a 1969 da 1970. A cikin gida kuma aka kafa majalisar wasanni ta SACOS a 1973, wadda takenta ke cewa ba a yin wasa na ƙalau a cikin al'ummar da ba ƙalau take ba.

Babbar jarrabawa ta zo a 1976. Ranar 16 ga watan Yuni 'yan sanda suka buɗe wuta a kan 'yan makarantar Soweto da ke zanga-zangar ƙin koyar da su da harshen Afirkans, kuma kafin tarzomar ta lafa ɗaruruwa sun mutu. Jini bai bushe ba sai ga ƙungiyar zari-ruga ta Niyuzilan ta sauka Afirka ta Kudu domin wasa, da amincewar Firayim Ministansu Robert Muldoon. Ƙasashen Afirka suka nemi a hana Niyuzilan shiga wasannin Olamfik na Montreal da za a buɗe ranar 17 ga Yuli. Kwamitin Olamfik ya ce zari-ruga ba ya cikin wasanninsa, don haka ba ruwansa. Ƙasashen Afirka fiye da 20 suka janye, har da Nijeriya a zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo; Senigal da Kwaddibuwa ne suka tsaya.

A nan ya dace a faɗi gaskiya game da waɗanda suka biya kuɗin wannan mataki. 'Yan wasa ne, matasa waɗanda suka yi shekara huɗu suna shiri, wasunsu sun riga sun sauka a masaukinsu a Montreal aka ce su haɗa kaya. Filbert Bayi na Tanzaniya shi ke riƙe da bajintar duniya a tseren mita 1,500, kuma duniya tana jiran karonsa da John Walker na Niyuzilan. Bayi bai yi tseren ba, Walker ya ɗauki zinare. Ba a shawarci mafi yawan waɗannan matasa ba, kuma wasu daga cikinsu damar ba ta sake dawo musu ba har abada.

Duk da haka matakin ya yi tasiri. FIFA ta kori Afirka ta Kudu kwata-kwata a wannan shekara. A 1977 shugabannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila suka sa hannu a yarjejeniyar Gleneagles, inda kowace gwamnati ta ɗauki alkawarin hana hulɗar wasa da ƙasar. Nijeriya ta ƙaurace wa wasannin ƙungiyar na Edmonton a 1978 saboda Niyuzilan, ta kuma kasance a sahun gaba na ƙasashe 32 da suka ƙaurace wa na Edinburgh a 1986 saboda Margaret Thatcher ta ƙi yarda a ƙaƙaba takunkumi. A Majalisar Ɗinkin Duniya, 'yan Nijeriya sun daɗe suna shugabantar kwamitin musamman na yaƙi da wariya, cikinsu har da Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, daga 1981 zuwa 1983, da Janar Joseph Garba bayansa. Wannan kwamiti ne ya riƙa wallafa sunayen 'yan wasan da suka keta ƙauracewar domin a kunyata su. Da Springbok suka je Niyuzilan a 1981 ƙasar ta dare biyu: masu zanga-zanga suka mamaye fili a Hamilton aka fasa wasa, a Auckland kuma wani ƙaramin jirgin sama ya riƙa jefo ƙunshin fulawa a kan 'yan wasa.

Ciniki Kafin Busa Usur

Ba wanda zai ce hana wasa ne kaɗai ya rusa mulkin wariya. Akwai tarzomar cikin gida, da yajin aikin ma'aikata, da takunkumin bankuna, da yaƙin Angola, da ƙarewar yaƙin cacar baki. Amma ƙauracewar wasanni ta yi abin da sauran ba su iya ba: ta shiga ɗakin kowane Bature ta zauna. Mutumin da bai damu da farashin zinariya ba ya san cewa an yi gasar cin kofin duniya ta zari-ruga a 1987 da 1991 ba tare da ƙasarsa ba, alhali yana ganin su ne gwanayen duniya.

Alamar cewa abin ya fara cizo ta bayyana a watan Oktoba na 1988, lokacin da Danie Craven, dattijon da ya daɗe yana shugabantar hukumar zari-ruga ta farare, ya tafi Harare tare da attajiri Louis Luyt suka zauna da shugabannin jam'iyyar ANC, wadda a lokacin haramtacciya ce. Gwamnati ta yi Allah-wadai da su. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, Shugaba F. W. de Klerk ya ɗage haramcin ANC ranar 2 ga Fabrairu, 1990, aka saki Mandela ranar 11 ga watan.

Daga nan ANC ta mayar da wasanni abin ciniki. Steve Tshwete, tsohon fursunan Robben, shi aka ɗora wa aikin haɗe hukumomin wasanni na farare da na baƙaƙe, kuma duk wasan da ya haɗe sai a buɗe masa ƙofar duniya. Kurket ya koma a 1991. Ranar 17 ga Maris, 1992, de Klerk ya kira ƙuri'ar raba-gardama ta farare zalla a kan ko a ci gaba da tattaunawa da ANC. A daidai lokacin 'yan kurket na ƙasar suna Ostareliya a gasar cin kofin duniya karo na farko a tarihinsu, kuma masu neman a ce "i" suka riƙa tunatar da jama'a cewa "a'a" tana nufin komawa zaman kaɗaici. Kusan kashi 69 cikin 100 suka ce "i". A watan Yuli na wannan shekara FIFA ta karɓi ƙasar, ta ci Kamaru 1 da 0 a Durban, sannan ta zo Legas a watan Oktoba Nijeriya ta yi mata 4 da 0. A wasannin Olamfik na Barcelona kuwa, Derartu Tulu ta Habasha da Elana Meyer, Baturiyar Afirka ta Kudu, suka zo ta ɗaya da ta biyu a tseren mita 10,000, suka zaga fili riƙe da hannun juna.

Sai dai a wannan shekarar ma an ga ɗaya fuskar. Ranar 15 ga Agusta, 1992, a filin nan na Ellis Park, Springbok suka karɓi baƙuncin Niyuzilan. ANC ta amince a yi wasan bisa sharaɗin a yi shiru na minti ɗaya domin tunawa da waɗanda rikicin siyasa ya hallaka, musamman bayan kisan Boipatong, kuma kada a rera tsohon taken ƙasa. 'Yan kallo suka cika filin da tsohuwar tuta, suka rera taken a cikin mintin da aka ce a yi shiru, Luyt kuma ya sa aka kaɗa shi a lasifika. Fili ɗaya ne, wasa ɗaya ne, abokan karawa ɗaya ne, kusan 'yan kallo ɗaya ne da na 1995. Abin da ya bambanta ranakun biyu shi ne abin da ya gudana a tsakaninsu a wajen fili: an kammala tattaunawa, an tsallake kisan Chris Hani a 1993, an rubuta tsarin mulkin riƙon ƙwarya, an yi zaɓen 27 ga Afrilu, 1994.

Ranar Kanta

Mandela bai sa rigar nan don son zari-ruga ba. Ya koyi harshen Afirkans a kurkuku, ya karanci tarihin masu tsare shi, ya san inda zuciyarsu take. Ya kuma san cewa sojoji da 'yan sanda da manyan ma'aikata da dukiya duk suna hannun farare, kuma gab da zaɓe wasu masu tsattsauran ra'ayi sun tayar da bama-bamai. Sabuwar gwamnati tana bukatar waɗannan mutane su saki jiki. Saboda haka da 'yan jam'iyyarsa suka so a soke suna da tambarin Springbok, ya roƙe su su bari. Ya gayyaci kyaftin ɗin ƙungiyar, François Pienaar, shan shayi a ofishinsa. Su kuma 'yan wasan suka koyi rera ɓangaren sabon taken ƙasa na harshen Khosa, suka ziyarci tsibirin Robben, suka ɗauki taken da ke cewa ƙungiya ɗaya, ƙasa ɗaya. Ɗan wasa ɗaya ne tak a cikinsu wanda ba fari ba, wato Chester Williams.

An tashi wasan ƙarshe kunnen doki, aka ƙara lokaci, Joel Stransky ya buga ƙwallon da ta ba Afirka ta Kudu nasara da ci 15 da 12. Mandela ya miƙa wa Pienaar kofi, su biyu sanye da riga iri ɗaya mai lamba ɗaya. A daren nan an yi rawa a unguwannin baƙaƙe da na farare. Ba daidai ba ne a raina wannan rana. Miliyoyin mutanen da suka tashi cikin tsoron juna sun ɗanɗana, ko da na yini ɗaya ne, yadda zama 'yan ƙasa ɗaya yake.

Bayan Biki

Laifin daɗi ƙarewa. A liyafar daren nan Luyt ya ce da an bar su sun shiga gasannin 1987 da 1991 da su za su ci, 'yan Niyuzilan suka tashi suka fita. A 1997 kocin ƙungiyar, André Markgraaff, ya yi murabus bayan an naɗi muryarsa yana zagin baƙaƙe. Da gwamnati ta kafa kwamitin binciken wariya da almundahana a hukumar zari-ruga, Luyt ya kai ƙara, har aka tilasta wa Mandela, yana shugaban ƙasa, ya tsaya a gaban alƙali ya ba da shaida a watan Maris na 1998. Chester Williams kuma ya bayyana a 2002 irin cin mutuncin da ya sha daga wasu 'yan wasa farare. Sai a 2018 aka naɗa baƙar fata na farko kyaftin, Siya Kolisi, ɗan unguwar talakawa ta Zwide, wanda ya ɗauki kofin duniya a 2019 da 2023. Wato sai da aka yi shekara 23 kafin abin da hoton 1995 ya yi alkawari ya tabbata a cikin ƙungiyar kanta. A wajen fili kuwa, rahoton Bankin Duniya na 2022 ya sa Afirka ta Kudu a kan gaba a duniya wajen tazara tsakanin mai shi da mara shi, kuma a 2008 an kashe mutum 62 a hare-haren ƙin jinin baƙi, shekara biyu kafin ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya.

Mu ma nan gida muna da namu kason na darasin. Wata biyar bayan wasan Ellis Park, ranar 10 ga Nuwamba, 1995, gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan Ogoni takwas. Mandela ya yi kakkausar suka, aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A watan Janairu na 1996 Afirka ta Kudu ce mai masaukin gasar cin Kofin Afirka, Nijeriya ce mai riƙe da kofin, kuma ƙungiyarmu ta lokacin tana cikin mafi ƙarfi da muka taɓa samu. Gwamnati ta hana ta zuwa, tana mai cewa ba ta da tabbacin tsaron lafiyar 'yan wasa. CAF ta hukunta mu da hana shiga gasar 1998. Afirka ta Kudu ta ci Tunisiya 2 da 0 a wasan ƙarshe, Mandela ya sake sa riga ya miƙa wa kyaftin Neil Tovey kofi. Mu da muke samari a lokacin ba mu manta da wannan takaici ba, kuma zinaren Atlanta da aka ci a watan Agustan shekarar ya ƙara nuna abin da aka yi asara. Makamin da Nijeriya ta ɗauka a 1976 domin 'yan makarantar Soweto shi ne ta sake ɗauka a 1996 domin huce haushin mai mulki, kuma a karo na biyun ba wanda ya amfana.

Kammalawa

Idan muka tattara abin da ya gabata, za mu ga cewa wasanni sun taimaka wa Afirka ta Kudu a matakai uku, kuma tsarin matakan yana da muhimmanci. Da farko an hana azzalumi abin da yake so har ya ji zafi. Sannan aka riƙa mayar masa da shi kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da ya saki. A ƙarshe, bayan an yi zaɓe an daidaita a kan doka, aka yi amfani da shi wajen kwantar da hankalin wanda ya rasa mulki. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na wasanni domin ci gaba da zaman lafiya an rufe shi a 2017, amma ƙungiyoyi masu wannan aiki suna nan birjik, kuma mafi yawansu mataki na uku suke kwaikwayo.

A garuruwanmu da suka sha rikicin ƙabilanci ko na addini an saba shirya gasar ƙwallo da sunan zaman lafiya, a haɗa matasan unguwanni biyu, a raba riguna, manya su yi jawabi. Abu ne mai kyau, domin yaron da ya san sunan abokin wasansa zai yi nauyin ɗaga masa hannu. Sai dai tarihin da muka bibiya yana koya mana mu yi wasu tambayoyi kafin a busa usur: shin an biya diyyar waɗanda aka kashe, an hukunta masu laifi, an warware rigimar fili ko kasuwa ko sarautar da ta haddasa faɗan? Inda aka yi waɗannan, wasa yakan ƙarfafa sulhu kamar yadda aka gani a 1995. Inda aka tsallake su kuwa, 'yan kallo kan shigo fili da abin da ke ransu, kamar yadda suka yi a Ellis Park a 1992.

Dennis Brutus ya rayu har ya ga duk wannan. A 2007 aka so a sa sunansa a zauren girmama gwarzayen wasanni na Afirka ta Kudu, ya halarci bikin, ya tashi a gaban jama'a ya ƙi karɓa, bisa dalilin cewa ana girmama shi ne tare da mutanen da suka ci moriyar wariya kuma ba su taɓa neman gafara ba. Ya rasu a Cape Town ranar 26 ga Disamba, 2009, yana da shekara 85.